A riƙa share bututun injin busar da tufafi

'Yan uwa masu wannan injin, musamman mazauna Amurka, a kula da bututun da ke fitar da zafi waje. Burbushin zare yana taruwa a ciki, kuma kamar auduga yake kama wuta.

Rariyar da ke tare burbushin zare a bakin ƙofar injin kam, a share ta bayan kowane wanki. Bututun kuwa ko sau ɗaya a shekara: a zare wuta tukuna, in na gas ne a rufe, a kwance bututun a zura dogon burushi, a leƙa murfin waje ko tsuntsu ya yi sheƙa.

In kaya suna daɗewa ba su bushe ba, kada a jira shekara. Bututun roba kuma, don Allah a sauya da na ƙarfe.