Darasi na 7: Miyar da Ba Ta Hawa Wuta

A yankin Andalus, can kudancin ƙasar Sifen, akwai wata miya da ake kira gazfaco. Ba a dafa ta, da sanyinta ake shan ta idan rana ta take. Asalinta abincin ma'aikatan gona ne: busasshen burodi, tafarnuwa, man zaitun, ruwan khal da gishiri, a daka a turmi. Tumatir baƙo ne a cikinta, domin daga nahiyar Amurka aka kawo shi Turai a ƙarni na 16.

Ga yadda ake yi. A samo nunannen tumatir kilo 1, kokwamba 1, koren tattasai 1, da tafarnuwa ƙwara 1. A wanke su tas da ruwa mai tsabta. Kada a yi wasa da wannan wankin, tunda babu wutar da za ta kashe ƙwayoyin cuta. A jiƙa burodi yanki 1, a matse, a haɗa duka a markaɗa da gishiri da khal cokali 2.

Sai mai, kuma nan ne gwaninta take. A riƙa ɗiga man zaitun cokali 4 kaɗan-kaɗan na'urar markaɗe tana juyawa. Ido zai ga jan ya koma ruwan lemo, miyar ta yi sumul. A sa a firji awa 2.

Masu girki na yanzu sun kawo sabon salo. Wasu kan rage rabin tumatir su cike gurbin da kankana, wasu su sa mangwaro. Akwai kuma koriyar miya ta kokwamba da fiya, babu tumatir ko ɗaya. Ni dai ta kankana ta fi kwanta mini a rai, amma da sharaɗi: zaƙi yana danne ɗanɗano, don haka a ƙara khal da ɗan gishiri, in ba haka ba lemo aka haɗa, ba miya ba. A ɗanɗana bayan ta yi sanyi, domin sanyi ma yana rage kaifin gishiri.

Aikin gida: Rubuta sunayen kayan miyar nan. Idan za ka yi ta kankana, tumatir giram nawa za ka sa?