Yadda nake koyar da tarihin 'yancin Amurka a ajina

Ɗaliban koyon malanta da ake turo mana a nan Gombe, da an zo darasin 'yancin Amurka sai su cika allo da shekaru, yara su kwafa, su haddace, su zubar a ƙofar ɗakin jarrabawa. Shawarata gare ka, sabon malam, ita ce ka kama zaren haraji, kada ka sake shi sai darasi ya ƙare.

Kada ka fara da Amurka. Tambayi aji wa babansa ke da rumfa a kasuwa. Hannuwa za su tashi. Sai ka ce, da mai yankan rasit zai wayi gari ya ƙara kuɗin rumfa ba tare da an ji ta bakin shugabannin 'yan kasuwa ba, me zai fi ƙona wa Baba rai, kuɗin ko rainin? Ƙyale su su yi gardama, sannan ka tsallaka da su teku.

Yaƙin shekara bakwai da Ingila ta gwabza da Faransa ya ƙare a 1763. Ingila ta yi nasara, amma bashi ya yi mata katutu, sai majalisar Landan ta ce yankuna 13 da take mulka a gaɓar gabashin Amurka su ma su sa hannu a aljihu. A 1765 ta kafa dokar hatimi: jarida, takardun kotu, har karta, duk sai da hatimin da aka biya wa kuɗi. Mutanen yankunan suna da ƙananan majalisunsu da suke zaɓa, amma ba su da ko wakili ɗaya a Landan, don haka suka ce majalisar da ba su da kujera a cikinta ba ta da hurumin ɗora musu haraji. Suka ƙaurace wa kayan Ingila har aka janye dokar a 1766. Sai dai a ranar da aka janye ta aka kafa wata da ke cewa majalisar na da ikon yi musu doka a kan komai. An kashe maciji ke nan ba a sare kansa ba.

Ka daɗe a kan batun shayi, don nan ne kan yara ke wayewa. Dokar 1773 sauƙaƙa farashin shayi ta yi, amma akwai ɗan haraji maƙale a jikinsa, wanda ya saya kuwa ya yarda ke nan Landan na da iko. A Disambar shekarar, mutanen Boston suka hau jirage uku suka tuttular da akwatin shayi 342 cikin teku. Tambayi aji me zai sa mutum ya zubar da abin da aka rage masa kuɗinsa. Wanda ya ce raini ɗazu zai gano amsar da kansa.

Yaƙin kansa kada ya cinye maka lokaci. Ingila ta rufe tashar jiragen Boston a 1774, aka fara harbe-harbe a Lexington a Afrilun 1775, aka shelanta 'yanci ranar 4 ga Yuli 1776, Faransa ta shigo ɓangaren Amurkawa a 1778, sojan Ingila suka miƙa wuya a Yorktown a 1781, aka sa hannu a yarjejeniyar Paris a 1783.

Abin da malamai suka fi tsallakewa shi ne abin da ya biyo baya, alhali nan daɗin yake. Saboda tsoron sake samun wata Landan, gwamnatin tarayyarsu ta farko ba a ba ta ikon karɓar haraji ba, sai dai ta roƙi jihohi. Sojan da suka yi yaƙin ma biyansu ya gagara. A 1786 manoman Massachusetts, da bashi da harajin jiharsu suka shaƙe, suka ɗauki bindiga. Dole aka zauna a Filadelfiya a 1787 aka rubuta tsarin mulkin da suke kai har yau.

A nan nake raba allo biyu, koke a hagu, magani a dama, yara su haɗa da kansu. Haraji ba wakilci: majalisa ta samu ikon haraji, amma ƙudurin tara kuɗi daga majalisar wakilai zai faro. Ɗora wa jama'a nauyin masaukin soja, da binciken gida barkatai: gyare-gyare goma da aka yi wa tsarin mulkin a 1791 sun taka musu birki. Rigimar manyan jihohi da ƙanana kuwa, sanata biyu-biyu ga kowa, wakilai gwargwadon yawan jama'a. Mu ma a 1979 wannan salon muka ara, shi ya sa Bauchi ke da wakilai 12, Gombe 6, amma sanatoci uku-uku.

Ka kuma shirya wa tambayar bayi, don a kowane aji ba a rasa yarinya mai kaifin kai da za ta ɗaga hannu. Gaya mata gaskiya: Thomas Jefferson, wanda ya rubuta a takardar shelar 'yanci cewa an halicci mutane daidai, yana da bayi, kuma tsarin 1787 bai soke bauta ba, wajen rabon kujeru ma bayi biyar a matsayin mutum uku aka ƙirga. Sai a 1865, bayan yaƙin basasa, aka haramta ta. Aikin gida da nake bayarwa shi ne su lissafo waɗanda aka bari a bakin ƙofa a 1787, darasin mako mai zuwa daga nan zai tashi.