Yadda za ka kula da ƙwayoyin da ke cikin hanjin ƙudan zumarka

Wani lokaci sai ka ga amya tana raguwa a hankali, ba tururuwa ba gobara ba kuma gawar ƙudan zuma a bakin ƙofa, kawai dai ƙarfinta ke tafiya. Toh ɗaya daga cikin wuraren da ya kamata ka duba shi ne cikin ƙudan kansa. A hanjin kowace ma'aikaciyar ƙudan zuma akwai bakteriya, wato ƙananan ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, masu amfani da yawansu kan kai miliyan 100 zuwa biliyan 1, kuma manyan jinsinsu biyar ne kacal, irin su Snodgrassella da Gilliamella da Bifidobacterium da wasu iri biyu na dangin Lactobacillus, wato 'yan uwan waɗanda ke sa nono ya yi tsami. Gilliamella ce ke taimakawa wajen narkar da ɓawon garin fure da wasu sukarin da ke cutar da ƙuda, ita kuma Snodgrassella lulluɓe bangon hanji take yi ta hana masu cuta samun wurin zama.

Abu na farko, kuma shi ya fi damuna wallahi, maganin kashe ciyawa. Ɗauki robar ka karanta, in ka ga an rubuta glyphosate to shi ne. Mutane na cewa ai na ciyawa ne ba ya kashe ƙwari, eh ba za ka ga sun zube nan take ba, amma a 2018 Nancy Moran da abokan aikinta a jami'ar Texas ta Amurka sun ba ƙudan zuma wannan magani, sai Snodgrassella ta ragu a cikinsu, da suka haɗa su da wata ƙwayar cuta mai suna Serratia sai waɗanda suka sha maganin suka fi mutuwa. Don haka kar ka fesa a gindin bishiyar da amyarka take, sa fartanya ka nome wurin da hannu, bai fi aikin rabin awa ba. In maƙwabcin gonarka zai yi feshi ka je ka same shi da girmamawa, ka ce don Allah malam a bari sai da yamma lis lokacin da zuma ta koma gida, kuma a guji ciyawar da ke cikin fure don ita suke bi. Sai maganar ruwa, wanke tankin feshi a bakin kududdufi ko zubar da ragowar a kwata babbar ɓarna ce saboda da rani nan suke zuwa sha, ka ajiye musu kasko da ruwa mai tsabta kusa da amya ka zuba tsakuwa ko karare a ciki don su samu wurin sauka kar su nutse.

Na biyu, kar ka buɗe kafso ja da yalo ka zuba a ruwan sukari wai don ƙarin lafiya yadda wasu ke yi wa kaji. Wannan tetracycline ne, maganin kashe bakteriya, kuma wancan rukunin masu bincike sun gwada shi a 2017, ya rage ƙwayoyin cikin sosai kuma waɗanda aka ba maganin sun fi saurin mutuwa bayan an mayar da su amya. Ga shi kuma yana iya shiga cikin zumar da za ka sayar wa mutane. In ka ga tsutsar 'ya'yan zuma na ruɓewa a saƙa tana wari, nemi malamin dabbobi ya gani.

Na uku ya shafi ranar cire zuma. Jaririn ƙuda idan ya fito daga raminsa kusan ba komai a hanjinsa, a cikin kwana 4 zuwa 6 yake samun nasa ƙwayoyin daga manyan da ke reno da kuma jikin saƙar da suka taka. Kenan in ka kwashe saƙar 'ya'ya ko ka babbake amya da harshen wuta ka kashe masu renon, ka yanke wannan gadon. Yi amfani da hayaƙi mai sanyi na busasshen kashin shanu, ka yanki saƙar da aka rufe ta cika da zuma, ka bar ta 'ya'ya da ta garin fure. Haka in za ka raba amya gida biyu, ka tabbata kowane ɓangare ya tafi da manyan ƙudan da ke manne a saƙar.

Sai abinci. Ruwan sukari yana riƙe rai lokacin yunwa amma garin fure ne ke ciyar da ƙuda da ƙwayoyin cikinsa gaba ɗaya, shi ya sa na fi son a kafa amya inda akwai itatuwa iri iri, ɗorawa da kaɗanya da mangwaro da magarya da gawo, wannan na gama fure wancan na farawa. In dole sai ka ba da sukari, dama kaɗan wanda za su shanye cikin kwana biyu, ka wanke mazubin kafin ka sake zubawa, wanda ya fara kumfa ko tsami kuma zubar da shi nesa da amya.