Babi na 7: Maharbi Idan Girma Ya Zo

Wannan babi na dattawan ajinmu ne waɗanda suka tashi da farauta, a nan Tawa da ƙauyukan Adar na wajen Illela da Kaita da Buza. Ku karanta a hankali, kuna bin layi da yatsa daga hagu zuwa dama. Duk inda kuka ga kalma da manyan baƙaƙe, ku kwafe ta sau uku a allo. Wanda wata kalma ta tsaya masa kada ya ji kunya, ya ɗaga hannu a sake karanta masa, domin dukanmu da haka muka fara.

Darasi na 1: Jikin yau da jikin jiya

Iyayena, ban zo in koya muku daji ba, domin kun san sawun barewa da na gada tun ba a haife ni ba. Abin da nake so mu duba tare shi ne jikin da kuke shiga dajin da shi yanzu. Idan mutum ya wuce shekara 40, ganin abu na kusa yakan fara yi masa wuya, idan kuma ya haura 60, ido ba ya rarrabe abu sosai da asuba ko da almuru, ga yanar ido da takan rufe gani kaɗan-kaɗan ba tare da ciwo ba. Kunnen da ya daɗe yana shan ƙarar bindiga yakan yi nauyi. Gwiwa kuwa ba ta jin komai sai a lokacin miƙewa daga zaune, a nan ne take rawa.

Ga abin da ya sa maganar ido ta dame ni. Jar akuya da ke kiwo a bayan sabara da almuru tana iya zama barewa a idon da ya gaji, kuma inda akuya take, yaro makiyayi ba ya nisa. Saboda haka, kada ku ɗaga bindiga a kan abin da ba ku ga kansa da jikinsa da abin da ke bayansa ba. Motsin ganye bai isa a yi harbi ba. Ku je asibiti a duba muku ido sau ɗaya a shekara, a kuma auna muku hawan jini. Ana yin aikin yanar ido, mutane da yawa kuma suna samun ganinsu bayan aikin, tabarau ma ba abin kunya ba ne ga maharbi.

Darasi na 2: Kafin ku miƙe

Wannan ne darasin da na ga ya fi ba ku wahala, don haka za mu daɗe a kansa. Muna magana ne a kan bindiga mai baki ɗaya wadda ake karyawa a tsakiya a sa mata harsashi, irin wadda yawancinku kuke da ita. Ku kwafi waɗannan kalmomi uku: BUƊE, CIRE, DUBA.

BUƊE na nufin ku juya bakin bindiga zuwa ƙasa, inda babu mutum, babu kare, babu ƙafarku, ku janye yatsa daga kunama, sannan ku karya ta. CIRE na nufin ku zare harsashin da yatsu biyu ku sa shi a aljihu. A aljihu na ce, ban ce ku riƙe shi a hannu ko a baki ba. DUBA na nufin ku leƙa ramin da harsashi yake zama, daga baya, har ku ga haske ya ratsa ta cikinsa, idan kuma ido bai gani sosai ba, ku zura ƙaramin yatsa ku ji babu komai. Sai kun gama ukun nan za ku miƙe tsaye.

Me ya sa sai kafin miƙewa? Ranar da muka yi gwaji a gindin aduwar da ke bayan aji, na ba kowa sanda a madadin bindiga, na ce a zauna a ƙasa, sannan a tashi. Wani dattijo da nake ganin girmansa ƙwarai ya kafa gindin sandar a ƙasa, ya ɗora tafin hannunsa na dama a samanta, ya sunkuyo da ƙirjinsa a kai, ya yi nishi ya miƙe. Da bindiga ce mai harsashi a ciki, bakinta yana cikin tafinsa, yana kuma kallon haƙarƙarinsa. Da na nuna masa, sai ya yi shiru ya dubi hannunsa, ya ce, “Malam, wallahi haka nake tashi kullum, ban taɓa lura ba.” Da yana saurayi zumbur yake miƙewa ba ya dafa komai. Gwiwa ce ta koya wa hannu wannan ɗabi’a a hankali, shi bai sani ba.

Bindiga ba sanda ba ce. Ku sari sanda mai ƙwari wadda ta kai muku ƙirji, ita za ku dogara. To mu sake: kuna zaune, kuna so ku tashi. BUƊE, CIRE, DUBA. Ku ajiye bindigar a buɗe a gefe, ku dafa sanda, ku miƙe, sannan ku ɗauke ta. Haka za ku yi kafin ku haura dutse, kafin ku gangara ƙorama, kafin ku hau babur ko amalanke, kafin ku miƙa wa wani ita, da kuma kafin ku shiga gari. Idan kun yi kuskure a gwaji, ba komai, ku koma ku zauna ku sake. Sannu ba ta hana zuwa.

Amma akwai maganar da ba na son ji, kuma na ji ta fiye da sau ɗaya a wannan aji: “Ai na san babu komai a ciki.” Da me kuka sani? Mutumin da yake neman hularsa alhali tana kansa, shi ne zai rantse a kan harsashin da ya sa tun asuba? Wasunku suna buɗewa su cire, sai su tsallake DUBA don gaggawa. Na gaji da faɗa, amma zan ƙara: wanda bai duba ba bai gama ba. Shekara 50 a daji ba ta hana bindiga tashi. BUƊE, CIRE, DUBA, ko da ku ne kuka cire harsashin ɗazu da hannunku.

Darasi na 3: Kwanto ya fi bin sawu

Bin sawu wuni guda, da gudu bayan karnuka, da sanɗa da rarrafe, duk aikin ƙuruciya ne. Abin da dattijo ya fi saurayi da shi shi ne sanin inda dabba take bi da lokacin da take bi. Ku zaɓi wuri kusa da hanya, ku isa da sauran sanyin safiya, ku zauna inda iska take busowa daga wajen dabba zuwa gare ku, ku jingina baya da itace. Ku tafi da ƴar kujera ko buzu, domin zama a kan dandaryar ƙasa yana sandarar da ƙafa. Kada ku hau bishiya. A Amurka, inda ake farautar wani dangin barewa mai ƙaho mai rassa, maharba sukan kafa wurin zama a kan bishiya, kuma faɗowa daga can yana cikin manyan abubuwan da suke jikkata su, shi ya sa da yawa daga tsofaffinsu suke komawa yin maɓoya a ƙasa.

Ku rage nisan harbi. Hannun da ya fara rawa ya ɗora bindiga a kan gwafa, abin da ya yi nisa kuwa a bar shi ya wuce, domin dabbar da aka ji wa rauni ta gudu, bin jininta ya fi ƙarfin tsoho, barinta kuma zalunci ne. Idan kun gama zama kuna so ku tashi, kun san abin yi: BUƊE, CIRE, DUBA.

Darasi na 4: Doka

Barewa ta yi ƙaranci a ƙasarmu. Farin 1973 da na 1984 sun rage ta, noma ya cinye daji, masu kora da mota kuma sun yi mata ɓarnar da kwari da baka ba su taɓa yi ba. Ƙasar Nijar tana da dokar farauta da kare namun daji, mai lamba 98-07, ta ranar 29 ga Afrilu 1998. Akwai dabbobin da ba a taɓawa sam, kamar raƙumin dawa, akwai kuma wuraren da aka keɓe, kamar dajin Gadabeji na wajen Dakwaro, wanda aka killace tun 1955. Kafin ku fita, ku je wurin ma’aikatan gandun daji ku tambaya ko an buɗe farauta, da dabbar da aka yarda a kama, da takardar da ake buƙata. Ita ma bindiga tana da takardarta daban. A wannan zamani na rashin tsaro, yawo da bindiga a daji ba takarda jawo wa kai fitina ne. Idan aka ce barewa a’a, ku haƙura, ku tambayi hukuncin zomo da zabon daji.

Darasi na 5: Ruwa da rana

Tsoho ba ya jin ƙishirwa da wuri ko da jikinsa yana bukatar ruwa, saboda haka ku riƙa kurɓa tun ba ku ji ba. A watan Afrilu da Mayu zafin Tawa yana wuce digiri 40, ku dawo gida kafin hantsi ya ɗaga. Idan kun ji ƙirji ya ɗaure, ko numfashi ya yi gajere, ko jiri, ku zauna a inuwa, ku aika a kira mutane. Idan kububuwa ta yi sara, kada a tsaga wurin, kada a ɗaure tamau, a ɗauki mutum zuwa asibiti.

Darasi na 6: Takardar fita

Kada ku tafi ku kaɗai. Ku tafi da ɗa ko jika, shi zai ɗauki ruwa da nama. Kafin ku fita, ku rubuta layi uku a takarda ku bar wa iyali: sunan dajin da za ku, sunan abokin tafiya, da ƙarfe nawa za ku dawo. Ku caja salula.

Darasi na 7: Aiki

Ku rubuta takardar fita ɗaya ku kawo. Kowa ya zo da sandarsa ranar Asabar, za mu sake gwajin darasi na 2.