Zarton kusurwa: kurakuran da na gaji da gyarawa a shago

Duk yaron da ya zo koyon kafinta a wurina, ranar da ya fara taɓa zarton kusurwa na lantarki, wannan mai kan da ke juyawa hagu da dama yana kuma kishingiɗa gefe, abu ɗaya yake yi. Ya leƙa allurar digiri, ya ga ta zauna kan 45, ya ce, "Maigida, ta yi daidai." Wa ya gaya maka? Allurar nan ɗan sukuru ɗaya ne ke riƙe da ita, ko kwali sabo ka ɓare kana iya samunta a karkace.

Ni ma ta ci ni. Na taɓa karɓar aikin firam na madaci guda goma, an kawo mini injin a Keke Napep, ya sha gargada a hanya, ban duba ba na hau yanka. Da na zo haɗawa, kwana uku suka rufe, ta huɗu ta buɗe baki har fensir yana shiga. Rabin digiri kawai injin ya kauce. Amma firam kwana huɗu gare shi, yanka takwas ke nan, rabin nan ya taru ya zama digiri 4 a wuri ɗaya. Na cusa gam da garin katako, mai aikin ya kalla sau ɗaya ya ce bai karɓa ba. Da kuɗina na sake sayen madacin.

Tun daga nan ga yadda nake yi. Na zare wuta tukuna. Na sauke kan injin, na manna sikwaya, wato ma'aunin kwana mai digiri 90, a jikin ƙarfen baya da ake jingina katako, ɗaya hannunta a jikin faifan zarto. A jikin faifan na ce, ba kan haƙora ba, don haƙoran sun fi faifan kauri, za su yaudare ka. Idan haske na ratsawa, a wasu injinan ƙarfen jinginar ake sassautawa a daidaita, a wasu kuma farantin digirin. Sai na tsayar da sikwayar kan teburi na duba kishingiɗar faifan. Allura ita ce ta ƙarshe, sai komai ya zauna nake mayar da ita kan sifili. Ita kanta sikwayar ban yarda da ita haka kawai ba: na ja layi da ita, na kifa ta, na sake ja. In layukan sun rabu, ba ta da amfani.

Sannan na yanka ɓarin katako miƙaƙƙe gida biyu, na kifa ɗaya, na haɗa bakinsu a jikin ƙarfen jingina. Ratar da ta fito ninki biyu ce ta kuskuren injin, ido ma ya isa ya gani.

Kuskure na biyu da ke ɓata mini rai shi ne ɗaga faifai yana juyawa. Gaggawar me kake yi, yaro? Wani guntu da bai kai inci biyu ba ya taɓa tashi ya fasa mini haɓa saboda wannan. Ka bari injin ya ɗau gudu kafin ya taɓa katako, in ka gama ka saki maɓalli, ka jira ya tsaya cik sannan ka ɗaga. Katako mai lanƙwasa kuma doronsa ake jingina wa ƙarfe, in ka juya shi zai matse faifan ya fizge.

Sauran ƙanana ne. Faifai mai haƙora 24 na aikin rufi ne, firam yana son 60 zuwa 80. Garin katako da ya maƙale a bayan aiki yana karkatar da yanka, ka hure shi. Faifan yana cin kusan milimita 3, saboda haka ka yanka a gefen layi ta ɓangaren da za a yar. Dogon katako a tallafe shi, kada ya rinjaya. Kwanar ɗaki ba kasafai take cika digiri 90 ba, ka gwada da guntaye biyu kafin ka taɓa na aikin. In kuma injin gwanjo ka saya, ka karanta jikinsa: na Amurka wuta mai volt 120 yake ci, tamu 230 ce, ka jona shi kai tsaye sai hayaƙi.