Yadda ake wuce shingen sojoji in ka bar Tawa za ka Agadas

Ƴan uwa masu niyyar bin hanyar Abalak zuwa Agadas, ko zuwa Assamaka bakin iyakar Aljeriya, ga abin da ya kamata ku riƙe.

Kafin mota ta tashi, ka sa katin shaidarka a aljihun gaba, kar ka cusa shi cikin buhu can saman kaya, don in an iso shinge ba mai jiranka ka kwance igiya. In da yaro tare da kai, ka riƙo takardar haihuwarsa. Direba ya rage gudu tun daga nesa, in dare ne ya kashe manyan fitilu ya kunna ta ciki, hannuwanku a fili. Waya kuma ta koma aljihu, hoton soja ko motarsu ba abin wasa ba ne wallahi, tun 2017 ake dokar ta-ɓaci a Tillia da Tassara cikin jihar Tawa, kuma sojojin nan suna kwana cikin zullumi.

An soke dokar 2015 mai hana safarar baƙin haure a Nuwamban 2023, amma tambaya tana nan, ina za ka, wa ka sani can. Ka amsa gajere, ban da ƙarya.

In aka ci zarafinka kada ka tsaya musu a wurin. Ka riƙe rana da awa da sunan wurin a kanka, in ka sauka ka kai kuka jandarmari. Waɗanda aka koro daga Aljeriya kuwa, ofishin OIM (hukumar ƙaura ta Majalisar Ɗinkin Duniya) na Agadas ne ke taimaka musu komawa gida.