Yadda za ki kula da gashinki na asali a lokacin hunturu

'Yan uwa matan Gombe hunturu ya shigo fa, kun san yadda iskar nan take busar da gashi har ya dinga karyewa kamar tsintsiya. Gashinmu a murɗe yake, maiƙon da fatar kai ke fitarwa baya iya gangarowa har ƙarshen sili, shi yasa yake saurin bushewa.

Wanki sau ɗaya a sati ko sati biyu ya isa. Ni dai karkashi nake jiƙawa a ruwan ɗumi in tace, yauƙin nan shi ke warware duk wani ƙulli, wallahi ya fi min kwandishina mai tsada. Kar ki kuskura ki taje kai a bushe! Ki raba shi gida huɗu, ki fara da yatsu sannan kum mai manyan haƙora, daga ƙarshen gashi kina hawa zuwa tushe a hankali.

Kuma mai shi kaɗai baya jiƙa gashi. Ki fesa ruwa tukunna, sai ki murza man kaɗanya a tafin hannu ya narke ki shafa, shi zai riƙe damshin.

Sai maganar kitso, hmm. Bikin ƙanwata a Pantami mai kitso ta ja min gaban goshi, kwana uku ina barci a zaune, daga baya gashin wurin ya zube. Yanzu ina jin zafi nake cewa Yaya dan Allah a sassauta. Kar kitso ya wuce wata ɗaya.

Da dare ki sa hular siliki don rigar filo ta auduga shanye maiƙo take yi, kuma ki bari kai ya bushe sosai kafin ki ɗaura ɗankwali.